Bayani kan jerin kayan uwar garke da masu sa kai ke tattarawa

Uwar garke dai ita ce kwamfutar da ke adana bayanai tana kuma rarraba su ga sauran kwamfutoci, kamar a asibiti ko makaranta ko banki. Da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori suna aiki ne da babbar manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a ƙasar Finland a 1991, wasu kuma da FreeBSD, wadda ta fito a 1993.

Sai dai ba kowace babbar manhaja ce ke fahimtar kowane sashe na kwamfuta ba. Katin sadarwa da na'urar sarrafa faifan ajiya, kowanne yana buƙatar wata 'yar ƙaramar manhaja da ake kira direba. Idan babu ita, kwamfutar za ta tashi, amma ba za ta ga faifanta ba, ko kuma ta kasa magana da sauran kwamfutoci.

Wannan ne ya sa ake da jerin kayan da aka tabbatar suna aiki da kowace manhaja.

Su wa ke rubuta jerin?

Kamfanoni irin su Red Hat da VMware suna da nasu jerin, wanda ya ƙunshi na'urorin da suka gwada suka kuma ɗauki alhakinsu. To amma hankalin kamfani yana kan sabbin kaya ne.

Ɗaya nau'in jerin kuwa masu amfani da manhajar ne ke tattara shi ba tare da an biya su ba. Tun shekarun 1990 masu sa kai na Linux suke da irin wannan kundi. Masu kula da OpenBSD kan roƙi duk wanda ya ɗora manhajar da ya aika musu da rahoton da kwamfutar ke fitarwa lokacin tashi, yayin da rumbun Linux Hardware ke karɓar rahotannin da wata manhaja mai suna hw-probe ke tattarawa daga kwamfutocin jama'a.

Ginshiƙin duka wannan aiki shi ne lambar shaida. Kowane kati yana ɗauke da lambobi biyu: ta kamfanin da ya ƙera shi, da ta samfurin kansa. Lambar Intel ita ce 8086, ta Realtek 10ec, ta Broadcom kuma 14e4. Umarnin lspci -nn a Linux yana nuna su. Lambar ake dubawa ba sunan da ke jikin kwali ba, domin masu ƙera kaya kan sauya abin da ke ciki su bar sunan yadda yake.

Abin da ya faru a 2019

A watan Mayun 2019 kamfanin Red Hat ya fitar da fitowa ta 8 ta manhajarsa, inda ya cire tallafin wasu tsofaffin na'urorin sarrafa faifai. Daga cikinsu har da SAS2008 na kamfanin LSI, mai lamba 1000:0072, wanda ake samu a katuna irin su PERC H200 na Dell.

Injinan lafiyarsu ƙalau, amma duk wanda ya yi ƙoƙarin ɗora musu sabuwar manhajar sai ya tarar ba ta ganin faifan ajiya ko ɗaya.

Masu sa kai na ELRepo ne suka cike giɓin, inda suka haɗa direbobin da aka cire, suka kuma jera lambobin da kowanne ke tallafa wa. A 2024 kuma AlmaLinux, wadda wata gidauniya ke kula da ita, ta maido da tallafin da yawa daga cikin waɗannan na'urori a fitowarta ta 8.10 da 9.4.

Haka ma da Red Hat ya fitar da fitowa ta 10 a 2025, ya daina karɓar wasu tsofaffin ƙwaƙwalen kwamfuta, AlmaLinux kuwa ta fitar da wani nau'i daban dominsu.

Muhimmancinsa a gabashin Sakkwato

Irin waɗannan tsofaffin injina ne ake shigowa da su Najeriya a matsayin na hannu, ana sayar da su a kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas.

Ga ma'aikacin da aka ɗora wa nauyin kafa uwar garke a wani asibiti ko makaranta a Tsamaye ko Sabon Birni ko Isa, kuskure wajen saye ba ƙaramin abu ba ne. Mayar da kaya yana nufin doguwar tafiya a kan hanyoyin da suka yi fama da hare-haren 'yan bindiga.

Sannan akwai batun intanet. A watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, ciki har da Sabon Birni da Isa. A irin wannan yanayi, direban da ba a taho da shi daga birni ba, ba a samunsa. Ko da akwai layi ma, idan katin sadarwar ne manhajar ba ta gane ba, injin ba zai iya sauko da maganinsa da kansa ba.

Don haka masu aikin kan tayar da injin da Linux daga filashi tun a shagon mai sayarwa, su karanta lambobin, su duba jerin, kafin su biya kuɗi.

Iyakar amfaninsa

Babu wanda ke ɗaukar alhakin abin da ke cikin jerin masu sa kai. Rahoton da ya ce kati yana aiki na iya zama na fitowar da ta wuce da shekaru, shi ya sa duba kwanan wata da lambar fitowa ya zama wajibi. Rashin ganin na'ura a jerin kuma ba hujja ba ce cewa ba ta aiki, wataƙila babu wanda ya aika da rahoto a kanta ne kawai.

Jerin bai kuma faɗin yadda injin da aka ƙera domin ɗaki mai sanyi zai jure ƙurar hunturu da ɗauke wutar lantarki, ko zafin bazara a Sakkwato, wanda kan haura maki 40 a ma'aunin salshiyos a watan Afrilu.