Dodon da Ba Shi da Gari: Godzilla na Zane a Ma'aunin Damagaram

Masu tatsuniya a ƙasar Hausa ba sa faɗin tsawon Dodo, sai dai abin da ya hana mutane: ruwan tafki, ko hanyar kasuwa, ko ɗiyar da aka yi masa alkawari ya zo karɓa. Macijin rijiyar Kusugu a Daura ma ana tuna shi ne don ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Mutumin Damagaram ya san nauyin irin wannan hani, tunda ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da hedikwatar mulkin mallaka daga garinsa zuwa Yamai a 1926. Da wannan ma'auni zan auna finafinan zane uku na Godzilla da kamfanonin Toho da Polygon Pictures suka fitar a 2017 da 2018, waɗanda Gen Urobuchi ya tsara labarinsu.

Ƙarfinsu a fili yake. A fim ɗin Godzilla na asali, wanda Ishiro Honda ya shirya a 1954, Haruo Nakajima ne yake tafiya cikin rigar roba mai nauyi, yana tattake ƙananan gine-ginen da aka sassaƙa. Zane ya kawar da wannan iyaka. Dodon da a labari yake mita 50 ya koma mita 300, fatarsa kamar ɓawon tsohuwar kuka, kuma wani dodon, Ghidorah, ya zuro dogayen wuyoyinsa daga ramukan sama ba tare da na'urori sun iya ganinsa ba. Rigar roba ba za ta taɓa yin wannan ba.

Amma me dodon ya hana? A nan ne finafinan suka gaza, kuma gazawar babba ce. Labarin ya dawo da mutane duniya bayan shekara 20,000, lokacin da daji ya cinye birane, babu kasuwa, babu gida irin wanda muka sani. Mita 300 ba ta da ma'ana idan babu abin da ido ya sani a gefenta. Honda kuwa ya sa dodonsa ya rushe majalisar dokokin Japan da hasumiyar agogon Ginza, shekara 9 bayan harin bam na Hiroshima, watanni kaɗan bayan tokar gwajin bam na Bikini ta zubo wa masuntan Japan. Ya nuna uwa a gefen titi ta rungume ƴaƴanta wuta na matsowa, ya nuna likita yana auna yaro da na'urar gano tururin nukiliya. Finafinan zanen sun cike wannan gurbi da doguwar muhawara a cikin jirgin sararin samaniya, daga bakunan da kwamfuta ta zana ba su cika motsi ba. Tambayar da Urobuchi ya ɗauko, wato ko mai yaƙar dodo yakan rikiɗe ya zama dodo, tana da nauyi, sai dai faɗar ta ake yi da baki, ba a nuna ta.

Wannan ya shafi matasanmu masu koyon zane a waya da kwamfuta. Moustapha Alassane ya yi fim ɗin zane Bon Voyage Sim a 1966 da kwaɗi ƴan kaɗan, kuma ɗan Nijar ya gane shugabanninsa a cikinsu nan take. Wanda zai zana Dodo a Damagaram yana da abin da Polygon ta jefar: duwatsun Birni, ragowar ganuwar Sarki Tanimu, ƙofar fada, zanen bangon gidajen Zango, da layin jarkokin ƴan ga-ruwa a bakin famfo cikin watan Afrilu.