Algaita

Algaita abin busa ce ta sarauta, wadda ake ji a fadojin ƙasar Hausa, har da Zazzau. Da itace ake sassaƙa ta, a lulluɓe da fata, a ɗora mata bututun ƙarfe da ɗan kara a baki. Mabushi kan tara iska a kumatu yana shaƙar wata ta hanci, shi ya sa sautin ba ya yankewa. Nan gwanintar take.

Sunan daga Larabcin Arewacin Afirka ya zo. Danginta a Asiya su ne zurna ta Turkiyya, shehnai ta Indiya da suona ta Sin. Ranar hawan Sallah takan raka kakaki da ganguna.