Matthew Hassan Kukah: Malamin Katolika da ya yi nazarin addini da mulki a Arewa

An haifi Bishop Matthew Hassan Kukah a ranar 31 ga Agusta, 1952, a ƙauyen Anchuna da ke ƙaramar hukumar Zangon Kataf ta Jihar Kaduna. Ya yi karatun falsafa da ilimin tauhidi a makarantar horar da limaman coci ta St. Augustine da ke Jos, aka kuma naɗa shi limamin ɗariƙar Katolika a shekarar 1976.

Daga nan ya tafi Ingila, inda ya samu digiri na biyu a fannin nazarin zaman lafiya a Jami'ar Bradford, sannan digirin digirgir a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan a 1990. Wannan binciken ne ya zama littafinsa mai suna Religion, Politics and Power in Northern Nigeria, wanda aka buga a 1993.

A cikin littafin ya bi diddigin yadda masu riƙe da madafun iko ke jingina da addini wajen neman mulki da riƙe shi, tun daga zamanin Sardauna. Ya duba muhawarar Shari'a ta 1978 da rikicin Kafanchan na 1987. Har yau masu binciken siyasar Arewa na kafa hujja da shi, ko da waɗanda ba su gamsu da fahimtarsa ba.

Karatun nasa bai tsaya a takarda ba. Ya riƙe muƙamin babban sakatare na Sakatariyar Katolika ta Najeriya, ya zauna a Kwamitin Oputa da Shugaba Obasanjo ya kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan'adam, kuma ya zama sakataren taron gyaran siyasa na ƙasa a 2005.

A 2011 Paparoma Benedict na 16 ya naɗa shi Bishop na Sakkwato, cibiyar Daular Usmaniyya. Yana cikin Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa da Janar Abdulsalami Abubakar ke jagoranta, wanda ke sa 'yan takara rattaba hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya gabanin zaɓe.

Kalamansa kan jawo ce-ce-ku-ce. Saƙonsa na Kirsimeti a 2020, da ya soki gwamnatin Buhari, ya fusata fadar shugaban ƙasa da wasu ƙungiyoyin Musulmi, yayin da wasu suka ce gaskiya ya faɗa.