Amsa-kuwwar da ke Cikin Sifirin

Duk wanda ya ratsa kasuwar Ɗambatta ran Lahadi ya san amsa-kuwwar lasifikar masu tallar magani. Yau ɗan guntun lantarki ne ke ƙirƙiro ta, amma a da aikin ƙarfe ne. Kamfanin Hammond na Amurka ya sa sifirin cikin kayan kiɗansa domin sautin ƙaramin ɗaki ya yi amo irin na babban zaure. A 1961 Fender ya fitar da akwatin amsa-kuwwa na jita, a 1963 kuma ya dasa shi cikin amfilifayar Vibroverb.

Sauti kan shiga naɗin waya ya girgiza sifirin, girgizar ta yi ta kai-komo, wani naɗin ya karɓe ta a ɗaya bakin. Shi ya sa gogaggen mai gyara ba ya gaggawar kwance komai. Jijjiga akwatin yake yi. In ya ji rugugi kamar tsawa, ɓangaren karɓa ƙalau yake, ciwon na wajen shiga. Sau da yawa siririyar waya ce ta tsinke, ɗigon dalma ya ishe ta. Yaron da ya koyi gyara a zamanin cire-ka-sauya kuwa, yana iya miƙa amfilifayar ga 'yan gwangwan.