Daga Dalma Zuwa Dabul Sel: Yadda Sana'ar Lagireto Ta Sauya a Hannunmu

A zamanin da Peugeot ke sarauta a titunan Arewa, ba a cika sayen sabon lagireto ba, gyara shi ake yi. Tun da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, 504 ta cika tasha da ma'aikatun gwamnati, kuma lagiretonta na jan ƙarfe da tagulla ne, an liƙe shi da dalma. Wannan ƙirar ita ta haifi sana'armu. Masu Beetle dai ba ruwansu da mu, don iska ke sanyaya injinta.

Yadda iyayen gidanmu suka koya mana aikin ke nan: a hura wuta a narkar da dalmar da ta riƙe tankin sama, a cire shi, sai bakunan bututan su bayyana a jere. A ɗauki siririn ƙarfe mai faɗi a zura cikin kowane bututu ɗaya bayan ɗaya, tsatsa da laka su riƙa fita ta ƙasa. In an mayar da tanki an liƙe, sai a toshe bakuna, a hura iska, a nutsar da shi cikin rabin duro na ruwa. Inda kumfa ta taso, nan ɓular take. Bututun da ya ƙi gyaruwa a matse shi a kashe, mota ta ci gaba da tafiya da sauran. Yaro kan daɗe yana wanki da zura ƙarfe kafin maigida ya yarda ya riƙe wuta, domin hannun da bai nuna ba yana liƙe wuri ɗaya ya narkar da uku.

Sai tsarin SAP ya zo a 1986, naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Motocin da aka yi amfani da su a Turai suka fara kwararowa, da yawa ta Kwatano: Golf, Honda, Toyota. Muka buɗe bonet muka tarar da wani abu daban, jikin alminiyam, tankunan roba, an danne su da ƙananan haƙora a kan zoben roba. Dalmarmu ba ta kama alminiyam, roba kuwa in ta tsufa tsagewa take yi, galibi a wuyan da tiyo ke shiga. Aka koma lanƙwasa haƙora da cusa Araldite, aikin da kowa ya san na 'yan kwanaki ne. Daga nan kasuwa ta karɓe abin da rumfa ke yi. Direba ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya ɗauko na Beljiyam, daga baya sababbi 'yan China suka cika shaguna.

A nan dabul sel ya samu shiga. Motocin nan da yawansu lagireto mai layin bututu ɗaya suke zuwa da shi. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ga Golf an cika ta da fasinja da buhuna, ga ƙurar hunturu ta toshe fikafikan, ga ruwan rijiya da ake ɗurawa yana barin farin ɓawo a ciki. Dabul sel, wato lagireto mai layi biyu, ya fi ɗaukar ruwa, ya fi faɗin wurin zubar da zafi, kuma ga motar haya mai dogon zango na ga amfaninsa da idona. Ina saka shi, ina kuma ba da shawarar a saka.

Abin da ke damuna shi ne yadda ya zama maganin kowace cuta. Mota na fara obahitin sai ka ji mai ita ya ce, "Malam, a sa mata dabul sel, a cire tamostat, a haɗa fanka dairek." Tamostat ɗin nan ba don ƙasar sanyi kaɗai aka yi shi ba, kamar yadda ake yaɗawa a gareji. Aikinsa ya tsare ruwa har injin ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 90. In an cire shi injin kan daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, ya ci kansa a hankali. Sau da yawa kuma laifin obahitin na murfin lagireto ne. Murfi mai lafiya yana riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. In robarsa ta mutu, ko lagireton tirela ka ɗaura sai ruwa ya tsere. Haka in famfon ruwa ya cinye ko gasket ya ƙone.

Shi kansa dabul sel ba ninki biyu yake sanyayawa ba. Layin baya iskar da na gaba ya riga ya ɗumama yake samu, kaurinsa kuma yana wahalar da fanka mai rauni, musamman in kondensan AC na gabansa. Ga na arha da bututansa ba su da kauri. A yawancin motoci masu giyar otomatik, bututun sanyaya man giya yana cikin tankin lagireto ne. Ran da ya fashe, ruwa ya gauraya da mai, kuɗin da aka yi tattali a kasuwa ba zai biya ko kwatan gyaran giya ba.

Yaran da ke shigowa sana'ar yanzu sun iya kwance ƙusa huɗu su ɗaura sabo cikin awa guda, amma kaɗan ne za su iya gaya maka dalilin da tsohon ya gaza. Mai mota, kafin ka biya kuɗin dabul sel, ka sa a gwada murfi da tamostat da fanka, a wanke wanda ke jiki. In duk lafiyarsu ƙalau kuma allurar zafin inji na ci gaba da hawa, to ka saya mai kyau, ka zuba masa kulan maimakon ruwan rijiya, ka bar tamostat a wurinsa.