Sabon Bodi, Tsohon Inji: Tarihin Rikicin Gilaida a Amurka

Tun da daɗewa, idan babbar mota ta yi hatsari a Amurka, bodi ya lotse amma inji na nan garau, akan sayo sabon kai da shasi marasa inji, abin da suke kira gilaida, a ɗora masu tsohon injin. Ba wanda ya damu, domin ba su da yawa.

Ana nan sai hukumar kare muhalli ta EPA ta tsaurara dokar hayaƙin dizal a 2007 da 2010, sababbin injuna suka ƙara tsada da wuyar gyara. Nan fa masu jigila suka hango kafa: ma'aunin hayaƙi shekarar inji yake bi, ba ruwansa da bodi. Mota fil a ido, cikinta kuwa tsohon inji. Zuwa 2015 ana sayar da kimanin 10,000 a shekara, kamfanin Fitzgerald na jihar Tennessee ne kan gaba.

A 2016 gwamnatin Obama ta ce gilaida sabuwar mota ce a idon doka, ta ƙayyade wa ƙananan kamfanoni 300 a shekara. Da Trump ya hau, shugaban EPA Scott Pruitt ya nemi soke wannan a 2017, alhali gwajin hukumar tasa ya nuna baƙin hayaƙin gilaida kan ninka na sabuwar mota har sau 55. Ko a jikinsa! A ranarsa ta ƙarshe a ofis, Yulin 2018, aka dakatar da aiwatar da ƙayyadewar. Kotu ta taka burki, magajinsa Andrew Wheeler ya janye umarnin kafin watan ya ƙare.