Tawagar Peugeot da Tseren da Ya Iso Kano

A Nassarawa GRA, in aka ce tsere, doki ake nufi. Filin sukuwa na nan, titin da ya ratsa gefensa ma sunansa ya ɗauka. Shi ya sa mutane ƙalilan ne suka san cewa a watan Mayun 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, Kano ta kasance zango a ɗaya daga cikin tseren motoci mafi wahala da aka taɓa shiryawa.

An shirya shi ne don murnar gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a Jamus. Motoci da dama suka tashi daga Landan, za su keta Sahara har Kano, sannan su juya arewa su ƙare a Munik. Tun a Aljeriya lissafi ya rikice. An yi sabon aikin hanya bayan masu shirya gasar sun kammala rubuta kwatancensu, sai direbobi da yawa suka ɓace cikin hamada, wasu mai ya ƙare musu, wasu mota ta kafe a rairayi. Hatta Stirling Moss, gwanin Ingila, a can tafiyarsa ta tsaya. Motoci 19 ne suka ga Munik, kuma biyar kacal a cikinsu suka bi hanyar gaba ɗayanta.

Citroën ta wasu 'yan Ostareliya ce ta zo ta ɗaya. Amma ta biyu da ta uku da ta huɗu duk Peugeot 504 ne, Fijon da muka sani. Wadda ta zo ta biyun mata biyu ne Faransawa suka tuƙa ta, Christine Dacremont da Yveline Vanoni.

Shekara guda bayan haka, a 1975, masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Kafin a jima 504 ta zama motar gwamnati, ka gan ta a ƙofar gidajen manyan ma'aikata a Nassarawa da harabar sakatariya, ita kuma doguwar ta mamaye tashoshi, tana jigila tsakanin Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi. A waɗannan shekarun ne kuma take lashe gasa a Afirka: Ove Andersson ya ci Safari ta Kenya da ita a 1975, Hannu Mikkola ya ci ta Maroko a shekarar, Jean-Pierre Nicolas shi ma ya ci Safari a 1978. Sirrin ba gudu ba ne, juriya ce. Ƙafafunta na shanye gargada, injinta ba ya da rikici, kowane bakanike na iya kwance shi a gindin bishiya. A ganina direbobinmu na tasha sun gwada wannan mota fiye da kowane zakara, domin su kullum suke kan hanya da lodi da fasinja, babu motar gyara da ke biye da su.

Tawagar kamfani ta sosai, Peugeot Talbot Sport, an kafa ta a 1981 a ƙarƙashin Jean Todt. Suka ƙera 205 Turbo 16, 'yar ƙaramar mota mai injin a tsakiya, tayoyinta huɗu duk suna ja. Ta ci kambun duniya a 1985 da 1986. Sai dai motocin rukunin da 205 ɗin take ciki sun yi ƙarfin da ya wuce hankali, kuma bayan mutuwar Henri Toivonen na tawagar Lancia a 1986, hukumar wasan ta haramta su. Todt ya rasa fage a Turai, sai ya fuskanci hamada.

Gasar Paris zuwa Dakar, wadda aka fara a ƙarshen 1978, ta saba ratsa Nijar, ta Tenere da Agadas har Yamai. Peugeot ta shiga a 1987 da Ari Vatanen, ɗan Finland da ya tsallake rijiya da baya a wani mummunan haɗari a Ajantina a 1985. Ya ci. A 1988 yana kan gaba aka sace motarsa a Bamako. An same ta, amma lokacin tashi ya wuce, aka cire shi, abokinsa Juha Kankkunen ya ɗauki kofin. A 1989 Vatanen da Jacky Ickx, 'yan tawaga ɗaya, suka yi ta kafsawa har Todt ya ji tsoron kada su halaka kansu. A garin Gawo na Mali ya jefa kwabon faran 10 sama don raba gardama, sa'a ta faɗa kan Vatanen. Har yau wannan hukunci bai kwanta mini ba, domin mutanen da suka keta Tenere sun fi ƙarfin a raba su da kwabo. Vatanen ya ƙara ci a 1990, shekara huɗu ke nan a jere kofin bai bar gidan Peugeot ba.

Bai kamata a ba da wannan labari a manta da mutanen ƙauyukan da ayarin ke ratsawa ba. Motocin gasar sun sha kaɗe mutane, har da yara, kamar yarinyar da ta rasu a Kita ta ƙasar Mali a 1988. Duniya ta haddace sunayen zakaru, su kuwa waɗannan bayin Allah layi ɗaya suke samu a jarida.

Daga nan tawagar ta koma kan kwalta, ta ci tseren awa 24 na Le Mans a 1992 da 1993, Todt kuma ya wuce Ferrari. Lokacin da Peugeot ta sake cin Dakar a 2016 da 2017 da 2018, gasar ta riga ta bar Afirka. An soke ta 2008 saboda matsalar tsaro a Muritaniya, aka kai ta Kudancin Amurka, kuma tun 2020 a Saudiyya ake yin ta.